Sikelin Malam Ishaku

Mu biyu muka tafi, ni da wana Jatau, ni kaɗai na dawo. Gara in faɗi wannan tun da farko, kada wani ya gyara zama yana jiran labarin arziki.

Mutanen wani ɗan ƙauye ne mu a gefen Burumburum, ƙasar Tudun Wada. Ubanmu Bamaguje ne, manomi, bai taɓa sakin al'adar kakanninsa ba. Ni da Jatau kuwa mun karɓi bangaskiyar Almasihu a hannun wani mai bishara da ya zauna a ƙauyenmu, shi ne kuma ya koya mini karatu da lissafi. A gida Nomau ake kirana, a majami'a Iliya. Jatau kansa bai ɗauki karatu ba, amma in ya fara addu'a sai ka ce da wani yake hira a zaure. Mun yi rani biyu muna haƙar kuza a Riruwai, ba mu tsira da komai ba sai tari. Shi ne mai bisharar nan ya ce akwai wani mai bi, Malam Ishaku, yana sayen koko a ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana, kuma yana neman samari masu amana. Ya rubuta mana takarda zuwa gare shi. Shekara guda ke nan bayan naɗin Sarauniyar Ingila. Jatau ya bar matarsa Ladi da ciki wata biyar.

Ni har muka isa Ikko, wato Legas, a jirgin ƙasa ina zaton kokon da ake sha da ƙosai ake nufi. Ina ta mamakin ƙasar da har leburori ake ɗauka don dama kunu.

A Ikko aka fara yi mana wankin ido. Muna fitowa daga tasha wani mutum ya tare mu, da babbar riga da Hausa tas a bakinsa. Ya tambayi garinmu, muka faɗa, ya ce kakarsa 'yar Bebeji ce. Daɗi ya kama mu. Ya ce ya san motar da ke zuwa Ankara, babban birnin Gwalkwas, kai tsaye, mu kawo kuɗin mota da ƙunshin kayanmu ya kama mana wuri mai kyau, mu jira shi a gindin wani ƙarfen fitila. Muka jira tun hantsi har inuwar ƙarfen ta juya. Da barguna, da garin ƙuli da Inna ta daka mana, da rigar Lahadi ta Jatau, duk sun tafi. Takardar kaɗai ta tsira, don Jatau a cikin hularsa ya sa ta.

Na ce, "Yaya, mu koma gida."

Ya ce, "Da me? Kuma mu ce wa Baba me?"

Mako uku muka yi muna dako a kasuwa kafin mu haɗa na mota. Wata Bayarabiya mai dafa wake ita ta riƙe ranmu a kwanakin farko. Ba ta jin Hausa, ba ma jin Yarabanci. In ta gama ciniki sai ta kankare ƙanzon tukunya ta zuba a ganye, ta ɗan ɗiga manja, ta turo mana da ƙafar kujera tana kallon wani gefe, kamar ba ita ta ba mu ba. Ban san sunanta ba har yau.

Daga nan muka bi bakin teku ta ƙasashen da Faransa ke mulka. A kan iyaka jandarmomi suka sauke mu wai ba mu da takardar lamba, wato shaidar rigakafi. Muka nuna musu tabon lambar a damtsenmu, suka ce tabo ba takarda ba ne. Suka ba mu adda muka wuni muna sare musu ciyawar bariki, motarmu ta tafi ta bar mu. Da yamma babbansu ya duba aikin, ya ɗaga hannu, lafiyarmu ta tabbata. Haka muka yi ta tafiya, wani wuri a mota wani wuri a ƙasa, har Ankara, har Kumashi. Daga Kumashi kuma muka yi rabin wuni cikin kurmi kafin mu kai ƙauyen da Malam Ishaku yake.

Ƙasar nan ta danne mini ƙirji tun ranar farko. A garinmu in ka tsaya a bakin gona kana hango duwatsun Doguwa, kana ganin hadari tun yana nesa. A can ko'ina itatuwa ne sun rufe sama, ba ka sanin inda rana ke fitowa, ruwa kuma sai dai ka ji shi a kanka. Abinci sakwarar rogo ce da agada, babbar ayabar nan da ake dafawa. Na yi ta mafarkin tuwon dawa da miyar kuka, har in farka ina lasar baki.

Malam Ishaku ya karɓe mu hannu bibbiyu. Mutum ne kakkaura, mai fara'a, ɗan ƙasar Zazzau, ya fi shekara goma a can. Ya karanta takardar, ya rungume mu ya ce, "'Yan'uwana, kun zo gida." Ya sa muka durƙusa ya yi mana addu'a mai tsawo, har na yi hawaye. Shi ne yake jagorantar sujadar Hausa ran Lahadi a rumfar gidansa, mu 'yan arewa kamar goma sha biyu. Muryarsa a waƙa ba a magana.

Sana'arsa ita ce manoman ƙauyukan nan su kawo busasshen koko, wato ƙwayar wani itace da ake yin cakulan da ita, a auna, ya biya su, ya tara a sito, babbar mota ta kwashe zuwa Kumashi. Da ya ga na iya karanta lamba sai ya ce ni zan tsaya a kan sikeli, Jatau kuwa ya riƙa ɗinke buhu yana jerawa. Sikelin irin na ƙasa ne, mai faffaɗan faranti na ƙarfe da ake ɗora buhu a kai.

Ran da kakar koko ta buɗe ya kira mu sito tun manoma ba su fara zuwa ba. Ya ɗora buhu a kan farantin ya ce in karanta, na karanta. Sai ya tube takalmi, ya zura babban ɗan yatsan ƙafarsa ƙarƙashin bakin farantin, ya ɗan ɗaga. Ya ce in sake karantawa. Nauyin ya ragu.

Ya ce, "Ka gani? Ba da yawa ba, kaɗan-kaɗan. Ka tara buhunan wofi a nan gefe su rufe ƙafarka. Idon manomi yana kan lamba, ba ya kallon ƙasa."

Jatau ya ajiye basillarsa ya ce, "Malam, ni ban yi karatu ba, amma wannan ai sata ce."

Malam Ishaku ya yi dariya, bai ji haushi ba. Ya ce, "Jatau, kai baƙo ne. Abin da nake ragewa a nan shi ake rage mini a Kumashi. In ban yi haka ba, da me zan ciyar da ku? Da me na yi rumfar sujada? In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura."

Jatau ya ce, "Almasihu bai ce mu duba jelar mutane ba. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani, haka aka koya mana."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskar Malam Ishaku. Ya ce, "To, tunda kai ne mai wa'azi, sito ya yi maka kaɗan." Daga ranar ya mai da Jatau cikin masu ɗauko koko a ka daga gonakin da mota ba ta shiga, tafiyar awa biyu ko uku cikin kurmi, sau biyu a rana.

Ni kuwa na tsaya a kan sikeli, na zura ɗan yatsa.

Ba zan ce an tilasta mini ba. Na ji tsoron a kore mu a ƙasar da ba mu san kowa ba, gaskiya ne. Amma kuma na ji daɗin inuwa, na ji daɗin farar riga da Malam ya ba ni, na ji daɗi manoma suna ce mini akawu. Ranar farko ban iya kallon fuskar manomi ba. Bayan mako biyu ina yi ina raha da mai kayan. Jatau ya yi mini magana sau ɗaya tak. Muna wanka a rafi ya ce, "Nomau, ƙafar nan da ita za ka shiga majami'a jibi?" Na ce masa da ba don ƙafar nan ba da tuni muna bara a Kumashi. Bai sake tayar da zancen ba. Sai dai in muna addu'ar cin abinci yakan ambaci sunana, ni kuwa in ji kamar in tashi in bar masa kwanon.

A cikin manoman akwai wata tsohuwa, Maame Afuwa. Maame da harshensu na Asante uwa ke nan. Mijinta ya mutu ya bar mata 'yar gonar koko, ɗanta ɗaya yana aiki a ramin zinariya. Ta iya Hausa guntu-guntu, ta koya a wurin fataken goro. Gonarta tana kan hanyar masu dako, shi ya sa ta san Jatau. In ya biyo takan tsayar da shi ta ba shi gasasshiyar agada da gyaɗa, shi kuma ya sara mata itace. In ta kawo kokonta takan riƙo mini nawa rabon a ganye, ta ce, "Ɗana, ci. Uwarka nesa." In karɓa in yi godiya, in ɗora buhunta, in zura ɗan yatsa. Sau uku ta zo a kakar nan, sau uku na yi mata.

Wata rana bayan ruwa, Jatau yana ƙetare rafi a kan gungume da buhu a ka, santsi ya ɗebe shi. Ya faɗa a kan wani kututture mai tsini, ya tsage masa sha-raɓa har kusa da ƙashi. Abokan dakonsa suka ɗaure da tsumma suka kawo shi. Malam Ishaku ya duba ya ce ƙaramin abu ne, ya ba da ruwan gishiri. Kwana shida ƙafar ta kumbura tana wari. Kwana takwas ya ce mini bakinsa ba ya buɗewa sosai, wuyansa ya ƙage.

A ranar nan babbar mota tana bakin sito ana loda ta. Na sami Malam na durƙusa na ce, "Malam, don Allah a ba Yaya wuri a motar nan a kai shi asibiti a Kumashi."

Ya ce, "Ka ga wuri? Mutum a kwance buhu huɗu zai ci. Kuma in ka bi shi, wa zai tsaya a sikeli yau ranar kasuwa? Motar za ta dawo nan da kwana huɗu. Iliya, ina bangaskiyarka? Zo mu yi masa addu'a."

Muka yi addu'ar. Motar ta tashi. Ni kuma na koma kan sikeli. Wannan shi ne abin da ban taɓa iya gaya wa kaina dalilinsa ba. Da na ɗauki wana a baya na tsaya a tsakiyar hanya, da direban bai taka mu ba. Ban yi ba. Na saba da jin tsoron mutumin nan, har tsoron ya fi ƙarfin jini.

Maame Afuwa ce ta ji labari ta zo da maza biyu da ragayar ɗaukar mara lafiya, suka ɗauke shi zuwa gidanta. Ta wanke ciwon, ta sa ganye, tana ɗiga masa romo ta gefen baki da cokali. Amma ciwon ya riga ya shiga jiki. In ya motsa masa sai bayansa ya lanƙwashe kamar baka, haƙoransa su datse. Ran kwana na uku da azahar na bar sito na je. Ya ɗan samu sauƙi, idonsa biyu. Na riƙe hannunsa na ce, "Yaya, gobe mota za ta zo."

Ya yi magana ta tsakanin haƙora, sai da na kai kunne. Ya ce, "Ba zan ga mota ba. In Ladi ta sauka, ka riƙe abin da ta haifa." Ya huta, ya ce, "Nomau, ka cire ƙafarka."

Kafin la'asar ya cika.

Muka binne shi a gefen gonar tsohuwar, ƙasar ja ce mai danƙo. Malam Ishaku ya zo da farar riga, ya yi wa'azi a kan bawa mai aminci, ya ja waƙa, mutane suna share hawaye. Ni ban yi kuka ba.

Da kowa ya watse na zauna a kan wani kututture. Maame Afuwa ta kawo ruwa a ƙwarya ta zauna kusa da ni. Na ce, "Maame, ban san yadda zan gode miki ba."

Ta ajiye ƙwaryar. Can ta miƙa hannu ta taɓa babban ɗan yatsan ƙafata. Ta ce, "Wannan. Na gani. Rana ta fari na gani."

Na ji kamar an kwara mini ruwan zafi. Na ce, "Kin gani, kuma kina kawo mini abinci?"

Ta ce, "Kai yunwa. Kai tsoro. Yesu ya ba ni abinci, ni ma ba ni da kyau." Ta nuna kabarin ta ce, "Wanka ya zo, ya ce Maame, ƙanena yana cin kokonki, ki yafe, ni zan sare miki itace. Kullum itace, kullum itace."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ashe itacen da nake zaton na ladan agada ne, fansar satata yake yi da gatari bayan ya wuni da buhu a ka.

Washegari ranar kasuwa ce, manoma sun cika bakin sito. Na kwashe buhunan wofin nan na jefar gefe. Na kira wani ɗan arewa da ya iya harshensu na ce ya fassara. Na ɗora buhun mutumin farko na karanta nauyinsa, sannan na zura ɗan yatsa a gaban kowa na sake karantawa. Na ce, "Haka nake yi muku tun farkon kaka. Duk wanda ya kawo koko nan na cuce shi. Malam ne ya koya mini, amma ƙafata ce."

Na zaci in mutum ya faɗi gaskiya sama za ta buɗe. Abin da ya buɗe shi ne goshina, don wani ya jefe ni da dutse kafin mai fassara ya rufe baki. Suka yi kaina da duka. Da ba don dattawan ƙauyen ba da a nan zan bi Jatau. Aka kai mu gaban sarkin ƙauyen. Malam Ishaku ya tsaya yana hawaye, ya yi magana da harshensu tiryan-tiryan. Ya ce shi bai san komai ba, don Allah ya ɗauke ni daga titi, ashe maciji ya saka a riga. Ya ce mutuwar wana ce ta taɓa mini kai shi ya sa nake jawo sunansa. Ya yi alkawarin zai ƙara wa kowa wani abu daga aljihunsa. 'Yan'uwan da muke sujada tare, waɗanda suka san komai, kowa ya sunkuyar da kai, don a hannunsa suke ci. Maame Afuwa ta tashi za ta yi magana, aka ce mace ce, kuma ta saba da mu, ta zauna.

Aka miƙa ni ga 'yan sanda. Alƙali a Kumashi bai wahala ba, tunda da bakina na amsa. Wata shida.

A gidan yari aikina ɗaukar bokitin bahaya ne da sassafe, da sarar ciyawa da rana. Ba wannan ya fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi fushi da Allah. Na ce, wanda ya ƙi sata yana cikin ƙasa, wanda ya tuba yana ɗauke da kashin mutane, wanda ya shirya abin yana jan waƙa ran Lahadi. Wata uku ban yi addu'a ba. Abin da ya dawo da ni ba wani wahayi ba ne. Wata safiya ina tafe da bokiti a ka, yana ɗiga mini a wuya, sai na lura hankalina a kwance yake, ba kamar a sito ba. Ina wari, amma ba na tsoron kowa ya kalli ƙafata. Na gane cewa ni ciniki nake so in yi da Allah, in ba shi gaskiya ya ba ni lada nan take. Jatau bai yi wannan cinikin ba. Ya ƙi abin ne don ba shi da kyau, ko da me zai biyo baya.

Da aka sake ni na nufi zangon Hausawa a Kumashi, ba ni da komai sai gajeren wando. Ina tambayar wata mai abinci ko tana son mai wanke kwanuka, sai wani dattijo da ke zaune a kan buzu ya ce, "Kai, zo nan. Wannan bakin na kudancin Kano ne. Ɗan ina ne kai?" Na ce Burumburum. Ya ce, "Ikon Allah! Ni mutumin Kiru ne, uwata 'yar Ba'awa." Sunansa Malam Sule, falken goro ne. Da na ji ya ambaci garuruwanmu sai na tuna mai kaka a Bebeji, na ja baya. Ya lura, ya yi murmushi ya ce in zauna in ci tuwo tukuna. Tuwon masara ne da miyar kuka. Na ci ina ɓoye fuska.

Ya ce yana neman mai tsince masa goro. Na ce, "Baba, kafin ka ɗauke ni ka ji abu uku. Ni Kirista ne. Jiya na fito daga gidan yari. Kuma sata ce ta kai ni, ba sharri aka yi mini ba." Na ba shi labarin duka.

Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Wa ya kama ka?"

Na ce, "Ni na faɗa."

Ya ce, "Na shekara talatin a kasuwa, na ga ɓarayi iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya kai kansa ba. Gobe ka zo."

Shekara biyu na yi a wurinsa. Aikin shi ne a baje goro a tsince mai sankara, wato wanda tsutsa ta shiga, a jera mai kyau cikin ganye a ɗaure huhu. Wasu fatake sukan tura mai sankara tsakiyar huhu su rufe da manya a sama. Malam Sule yakan ce, "Wanda zai kwance huhun nan a Kano ba ya nan, ba ya ganinka. To, shi za ka yi wa aiki kamar yana tsaye a kanka." Ran Lahadi kuwa shi da kansa yake kora ta, ya ce, "Tashi ka je ka yi taka ibadar, goro ba zai gudu ba." Na sami wata majami'a a Kumashi, ba na jin harshensu, amma ina zama a baya. A nan na rubuta wa mai bishararmu takarda na ce ya gaya wa Baba da Ladi Jatau ya rasu. Ban iya rubuta yadda aka yi ba.

Da na sami abin hannu na sayi turmin atamfa mai kyau na koma ƙauyen nan, da niyyar in ba Maame Afuwa, in kuma yi mata aikin gona na kaka guda kyauta. Na tarar ta rasu tun ina gidan yari. Ɗanta ya dawo ya sayar da gonar. Na nemi kabarin Jatau, kurmi ya cinye wurin, na yi ta zagaye da adda ban gane shi ba. Ina fitowa bakin hanya sai ga sabuwar mota fil ta wuce da lodin koko, an rubuta sunan Malam Ishaku a ƙofarta. Ya sayi tasa ke nan. Daga baya na ji har gidan bene ya gina. Ban taɓa jin wani abu ya same shi ba. Na sha yi masa addu'ar gafara, don an umarce mu, amma ba zan yi ƙarya ba, shekaru da yawa bakina ne kawai yake yi. Atamfar na ba wata tsohuwa da na tarar tana tsintar itace, ta karɓa tana kallona kamar mahaukaci.

Shekarar da Gwalkwas ta sami 'yancin kanta Malam Sule ya haɗa ni da kayansa zuwa Kano, ya ba ni huhu biyu nawa na kaina in ja jari. Da su na fara ciniki, goro da farko, daga baya hatsi a kasuwar Tudun Wada. Ban yi kuɗi ba. Na ci, na ciyar, ba a taɓa dawo mini da kaya ba. Wannan kuwa daga baya ne.

Ran da na isa gida damina ta fara, an yi shuka. Inna ta rungume ni tana kuka tana kiran sunan Jatau. Ladi ta yi takaba ta yi wani aure a wajen Doguwa, ta bar 'yar da ta haifa a hannun Inna. Baba yana zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ya ce, "Takarda ta ce ya mutu. Ba ta ce yadda ya mutu ba."

Na gaya masa duka, ban rage komai ba, har da motar da na bari ta tashi. Yana ji yana fiƙe ƙotar.

Da na gama ya ce, "Mutumin nan, ɗan addininku ne?"

Na ce, "I, Baba."

"Shi yake ja muku salla?"

"Shi ne."

"Kuma har yanzu kana nan a kan addinin?"

Na ce, "Ina nan."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Don me?"

Na ce, "Baba, na ga wanda ya sa shi kamar riga, na kuma ga waɗanda ya shiga jininsu. Ba zan bar wa mai rigar ba."

Ya ƙura mini ido. Na ɗauka zai tsine mini, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba. Sai ya miƙo mini fartanyar ta wajen ƙota.

Ya ce, "Gonar wanka ciyawa ta ci ƙarfina. Akwai yarinya a ciki tana buƙatar tuwo. Gobe ka riga rana fita."